Hanyoyin gano duniyoyin wasu taurari ta hanyar haske

Akasarin duniyoyin da aka gano suna kewaya wasu taurari, babu wanda ya taɓa ganinsu da na'urar hangen nesa. Hasken tauraro yakan danne nasu ƙwarai: rana ta fi duniyarmu haske kusan sau biliyan 10. Don haka masana falaki sukan sa ido kan tauraron, su karanta alamun da duniyar ke bari a haskensa.

Hanyar da ta fi samar da sakamako ita ce ta giftawa, wadda ta yi kama da ƙaramin husufi. Idan duniya ta ratsa ta gaban tauraronta, haskensa yakan ɗan dusashe, sannan ya dawo. Duniya mai girman Mushtari (Jupiter) tana rage hasken tauraro irin rana da kusan kashi 1 cikin 100, amma mai girman tamu ba ta kai kashi 1 cikin 10,000 ba. Zurfin dusashewar ke nuna girman duniyar, tazarar maimaituwarta kuma tsawon shekararta. An fara ganin haka a 1999 a tauraron HD 209458. Na'urar hangen nesa ta Kepler da NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta harba a 2009 ta lura da taurari kimanin 150,000, ta gano duniyoyi sama da 2,600. Sai dai dole falakin duniyar, wato hanyar da take bi tana kewaya tauraronta, ya daidaita da inda muke kallo, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Akwai kuma auna rangajin tauraro. Nauyin duniyar da ke kewaya shi yana jansa gaba da baya, sai layukan da ke cikin bakan haskensa, wato launukan da hasken ke rarrabuwa zuwa gare su, su karkata zuwa shuɗi in yana matsowa, zuwa ja in yana nisa. Da wannan Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniyar 51 Pegasi b a 1995 daga wata cibiyar binciken taurari da ke Faransa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2019. Mafi ƙarancin nauyin duniyar kawai wannan hanyar take bayarwa, shi ya sa ake son haɗa ta da giftawa.

Ɗaukar hoto kai tsaye yana yiwuwa idan aka toshe ko aka rage hasken tauraron, kamar yadda aka yi wa tauraron HR 8799 a 2008, amma ya fi dacewa da manyan duniyoyi masu zafi da ke nesa da taurarinsu. Wata hanyar tana dogara da lanƙwasar da nauyin tauraro da duniyarsa ke yi wa hasken wani tauraro na can baya idan suka gifta ta gabansa. Ba ta maimaituwa, sau ɗaya ake gani.