Wai wanda ya kai rahoton nakiya shi za a kama? Ga abin da doka ta ce

Kwana biyun nan wata odiyo ke ta yawo a WhatsApp, har ta iso guruf ɗinmu na 'yan Ƙofar Marusa, wai duk wanda ya ga abu mai kama da bam a binne a gona ko gefen hanya ya ja bakinshi ya yi shiru, don in ka faɗa kai za a fara ɗaurewa a ce infoma ne, kuma da zarar gonarka ta shiga taswirar gwamnati shi ke nan ta tafi. Wallahi hankalina ya tashi, don tun fashewar da aka yi a hanyar Ɗansadau ta Zamfara ƙarshen 2024 'yan uwanmu na Jibiya da Batsari da Safana ke cikin zullumi, kuma irin wannan shirun rai yake ci.

Dokar da ta shafi wannan batu dai sunanta yarjejeniyar Ottawa, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don hana nakiyoyin da ake binne ma mutane, an sa hannu a 1997, Najeriya ta shiga a 2001. Ta shafi duk abin da aka yi don ya tashi in mutum ya taka ko ya matso, na kamfani ne ko haɗin gida irin wanda Boko Haram suka binne a Borno.

To batun hukunci. Sashe na 9 cewa ya yi kowace ƙasa ta hukunta mai aikata abin da aka hana, wato mai binnewa, mai ƙerawa, mai ajiyewa, mai safara, da wanda ya taimaka masu. Manomin da ya gani ya faɗa ina ya shigo nan? Hasali ma dokarmu ta yaƙi da ta'addanci ta 2022, ɓoye bayanin da ka san zai hana a kai hari shi ta ɗauka laifi, ka ga mai odiyon baibai ya juya maganar.

Zancen gona kuma daga sashe na 5 ruɗanin ya taso, inda aka ce gwamnati ta gano wuraren da aka tabbatar ko ake zargi akwai nakiya, ta sa alama, ta killace, ta share. Mutane na jin killacewa sai su ɗauka ƙwace ne. Yadda masu aikin ke yi a duniya, kowane rahoto ana shigar da shi wani rumbun bayanai na kwamfuta mai suna IMSMA da wata cibiya a Janeba ke kula da shi, sai ma'aikata su zo su tambayi mai unguwa da manoma da mafarauta, in babu hujja a goge wurin daga taswira, in akwai a bincika da na'ura a kwance abin a miƙa ma mai gona gonarshi. Shi ya sa rahoton ƙarya ma ɓarna ne, yana iya sa gona lafiyayya ta wuce damina ba a taɓa ta ba. Rahoton da ƙasa ke aika ma Majalisar Ɗinkin Duniya kafin 30 ga Afrilu duk shekara kuwa, wuri da iri da adadi yake nema, bai nemi sunan wanda ya faɗa ba.

Amma gaskiya ban ga laifin mai tsoro ba. Gwamnatoci yarjejeniyar ta ɗaure, ɗan bindiga bai sa hannu ba, kuma ba ta tanadi kariya ga mutumin ƙauye da zai koma ya kwana kusa da waɗanda suka binne abin ba. Nan kam an bar talaka da kaya mai nauyi, alhali ita kanta gwamnati sai da ta roƙi ƙarin wa'adin share nakiyoyin zuwa ƙarshen 2025 saboda ba ta san iyakar wuraren da abin ya shafa ba.

In ka gani kar ka taɓa, kar ka jefa dutse, ka koma ta sawun da ka zo, ka riƙe alamar wurin kamar bishiya ko kwalbati da lokacin da ka gani, ka hana yara da masu kiwo bi. In kana tsoron a ga fuskarka a caji ofis, ka faɗa ma mai unguwa ko dagaci ya isar ma 'yan sandan kwance bam.