Yadda bolar Nima ta shiga lissafin ɗumamar yanayi

Gardamar nan har yau ba ta mutu ba a bes ɗinmu. Ana cikin zuba ataya sai wani ya tayar, wai ta yaya za a ce bola ta fi trotro ɓata iskar Accra alhali duk mai ido yana ganin baƙin hayaƙin da ke tashi a Circle. To lissafin hayaƙin ɗumamar yanayi na birnin na shekarar 2015 haka ya nuna, shara ce a gaba da sama da kashi 40 cikin 100, sufuri na biye. Wasu gani suke dare ɗaya aka ƙago lambar, amma abin ya daɗe ana tafe da shi.

Farkon labarin sananne ne. A yarjejeniyar yanayi ta Kyoto ta 1997 ƙasashe ne ke ba da lissafin hayaƙinsu, babu ruwan kowa da birane. A 2005 manyan birane suka kafa ƙungiyarsu ta yaƙi da ɗumamar yanayi, C40, a Landan, sai dai kowa da mudunsa, wannan birni ya sa wutar lantarkin da yake sha cikin lissafi, wancan ya ce ai tashar ba a garinsa take ba.

Inda ni nake ganin abin ya juya shi ne Disamba 2014 a Lima ta ƙasar Peru, lokacin hankalin duniya duk ya tafi kan taron yanayi na Paris da ke tafe. A can cibiyar bincike ta WRI da C40 da ƙungiyar ƙananan hukumomi ta ICLEI suka fito da ma'auni guda na auna hayaƙin birane, GPC. Ya raba hayaƙi gida uku: wanda ya tashi cikin iyakar birni, wanda ya zo ta wayar lantarki, da wanda birni ya jawo amma a waje ya tashi. Kuma ko a mataki mafi sauƙi, sharar da ka tara taka ce, ko ina ka kai ta.

Duba yadda wannan ya shafe mu. Mai aboboya ya kwashi bola a lungu da sassafe, ganyen dokunu, ɓawon rogo, guntun waakye da ya kwana, daga baya babbar mota ta wuce da ita can wajen gari, irin su Kpone bayan Tema. Da mudun iyaka kawai ake awo, da ta fita daga littafin Accra ke nan. Yanzu kuwa tana biyo mu gida. Idan ta ruɓe a ƙarƙashin tuli inda iska ba ta shiga sai ta fitar da iskar mitan, wadda a shekara 100 take riƙe zafi kusan ninki 28 na iskar kabon da ke fita daga ƙona mai. Ba ta da launi, shi ya sa mutanen bes ke zargin salansar mota.

Abin da ke damuna dai, wadda aka ƙona bayan gida da magariba ko aka watsa cikin babbar gotar Nima ba ta taɓa hawa sikeli ba. Ita wannan ƙiyasi ake yi mata, a ɗauki yawan mutane a ninka da abin da ake ganin mutum ɗaya na zubarwa a rana.