Dokar jinkirta bashi da ta haifar wa Kentucky kotunan ƙoli biyu

A shekarar 1792 Kentucky ta rabu da Virginia ta zama jiha ta 15 a Amurka. Majalisar dokokinta ta lokacin tana sa hannu har a ƙananan al'amura, domin hatta kafa gari sai da doka. Majalisa ce take ambaton sunayen wasu mutane a matsayin amintattu, su yanka fuloti, su sayar, su fitar da tituna, su sa ƙa'idar kasuwa. A kan wannan tsari aka kafa Louisville a 1780 tun ana ƙarƙashin Virginia, kuma amintattu suka ci gaba da riƙe ta har 1828 da ta samu magajin gari. A karkara kuwa, kotun gunduma ce wuƙa da nama.

Hanya ma a hannun wannan kotu take. Dokar da jihar ta gada daga Virginia ta ce duk namiji mai aikin ƙarfi da ya kai shekara 16 sai ya fito aikin hanyar yankinsa idan mai kula da hanya ya kira, da gatarinsa ko fartanyarsa, ya sare itace, ya tumɓuke kututture, ya cike rami. Wanda ya ƙi fitowa a ci shi tara. Mai karatu zai ce ai aikin gayya ke nan, to amma gayya ba a cin tarar wanda bai zo ba. Akwai kuma wani saƙo da ke cikin dokar wanda bai kamata a tsallake ba: mai bayi maza biyu ko fiye an ɗauke masa fitowa da kansa. Bayinsa ne za su sha rana, shi kuma kayansa su bi hanyar zuwa kasuwa. Manyan hanyoyi jihar ta sa kuɗinta, kamar hanyar da ta ratsa mashigar duwatsun Cumberland, wadda aka faɗaɗa a 1796 har keken doki ya iya bi, daga baya aka kafa shingen karɓar kuɗi domin gyara.

Inda majalisar ta shiga ruwa tsundum shi ne bashi. A 1818 ta ba da lasisin sabbin bankuna sama da 40, kowanne yana buga takardun kuɗinsa. Mutane suka ci bashi suka sayi gonaki da tsada. Shekara ɗaya tsakani, a 1819, tattalin arzikin Amurka ya karye. Bankin tarayya, mai rassa a Lexington da Louisville, ya fara neman a biya shi da zinariya da azurfa, ƙananan bankuna suka durƙushe, farashin amfanin gona ya zube. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a wancan zamani wanda ya kasa biya ana iya yin gwanjon gonarsa, a kuma jefa shi kurkuku.

Masu neman a sassauta wa talaka suka ci zaɓen 1820, John Adair ya zama gwamna. Majalisa ta kafa banki mallakar jiha mai suna Bank of the Commonwealth, yana buga takardun kuɗi ba tare da isasshen zinariya ko azurfa a bayansu ba. Sannan ta haɗa shi da dokar jinkiri. Ga yadda take aiki. Ka bi mutum dala 100, kotu ta ba ka gaskiya. Idan ka yarda ka karɓi takardun bankin jiha, to za ka samu biya da wuri. Idan ka ce sai tsabar azurfa, wanda kake bi zai kawo mai tsaya masa, a ɗage biyan har shekara biyu. Da yake darajar takardun ta faɗi zuwa kusan rabi, zaɓinka shi ne ka karɓi abin da bai wuce dala 50 ba a yau, ko ka zauna jira.

Ina ganin tausayin da ya haifi dokar na gaskiya ne. Manomin da bai yi almubazzaranci ba, guguwar da ba shi ya tayar ba ta zo za ta raba shi da gonarsa, ya cancanci a ba shi numfashi. Kuma a 1821 majalisar ta yi abin da ya fi komai daraja a duk wannan zamani, ta hana ɗaure mutum saboda bashi, tun kafin sauran jihohi su waye. Amma mai bin bashi ba kullum attajiri ba ne. Wani maƙeri ne da ya ba da garma bashi, wani ɗan tireda ne da shi ma ake bin sa a wata jiha, inda ba wanda zai karɓi takardun Kentucky. Dokar ta ɗauke kaya daga kan wani ta aza wa wani.

A 1822 alƙali James Clark ya yanke cewa dokar ta saɓa wa kundin tsarin mulkin Amurka, wanda sashe na 10 na babinsa na farko ya hana jiha yin dokar da za ta raunana alkawarin da ke cikin yarjejeniya. Hujjar a fili take: an ƙulla bashi a kan wasu sharuɗɗa, ba daidai ba ne majalisa ta zo daga baya ta sauya su. A 1823 kotun ɗaukaka ƙara, wadda ita ce ta ƙoli a jihar, ta tabbatar da hukuncin ta bakin alƙalanta uku, John Boyle da William Owsley da Benjamin Mills.

Nan ne aka wuce gona da iri. Majalisa ta nemi tsige alƙalan, ba ta samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'u ba. Sai a watan Disamba 1824, da goyon bayan sabon gwamna Joseph Desha, ta soke kotun baki ɗaya da doka ta yau da kullum, ta kafa sabuwa ƙarƙashin William Barry. Tsofaffin alƙalai suka ce kundin jiha ne ya kafa su, majalisa ba ta da hurumin rusa su, suka ci gaba da zama. Magatakardan sabuwar kotu, Francis Blair, ya shiga ofishin takwaransa da ƙarfi ya kwashe takardun shari'u. Kusan shekara biyu mai ƙara bai san ƙofar da zai nufa ba, lauyoyi da ƙananan alƙalai suka rabu gida biyu.

Ƙuri'a ce ta raba gardama. Magoya bayan tsohuwar kotu suka kama majalisar wakilai a 1825, suka haɗa da ta dattawa a 1826. A ƙarshen wannan shekara suka soke sabuwar kotun, Desha ya hau kujerar na-ƙi, suka rinjaye shi. A 1829 tsohuwar kotu ta bayyana cewa duk hukuncin da sabuwar ta yanke ba shi da wani ƙarfi a doka, wato wanda ya ci shari'a a can ya koma kamar bai taɓa shiga kotu ba.