Tambayoyi kan yadda annobar korona ta taɓa aikin gini a Najeriya

Me ya tsayar da aikin gini, alhali a fili ake yin sa?

Kulle ne. An samu mutum na farko mai korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, daga 30 ga Maris kuma aka kulle Legas da Abuja, Ogun ta biyo baya cikin 'yan kwanaki. Kano ta bi sahu a watan Afrilu. Sannan aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli. To, siminti daga Obajana ko Gboko ko Sakkwato yake fitowa, dole sai tirela ta ratsa jihohi. Ko da an ce kayan gini su wuce, direba ya sha tsaiko a kan iyaka, birkila kuma yana kulle a gida.

Wa ya fi jin jiki?

Lebura. Ɗan kwangila na iya jinkirta aiki ya koma ofis yana lissafi, amma mai kwaɓa siminti da mai ɗaukar bulo sai sun fita su yi yini kafin a ɗora tukunya. Ba su da albashi, ba su da takardar ɗaukar aiki, balle wani ya tuna da su ranar da aiki ya tsaya. Bayansu akwai kafinta da mai walda da direban tifa, har da mai sayar da shinkafa da wake a bakin gini. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin da aka zo ƙididdigar asara, ta kamfanoni aka fi ambata. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce harkar gini ta ragu da kusan kashi 32 cikin ɗari tsakanin Afrilu da Yuni 2020, yayin da tattalin arzikin ƙasar gaba ɗaya ya ragu da kashi 6.1. A cikin wannan tazara akwai gidajen da suka kwana ba abinci.

Manyan ayyukan gwamnati fa?

Su ma sun yi tafiyar hawainiya. Farashin ɗanyen mai ya faɗi, gwamnati ta sauke farashin man da ta gina kasafinta a kai daga dala 57 zuwa 28 a kan ganga. Layin dogo na Legas zuwa Ibadan ya samu jinkiri, sai Yuni 2021 aka ƙaddamar da shi.

Yaya aka koma bakin aiki?

Sannu a hankali, da takunkumi da bokitin wanke hannu a ƙofar fili, da rage yawan ma'aikata a yini. Manyan kamfanoni sun kiyaye hakan. A ginin unguwa kuwa, ba da tazara ya yi wuya, tunda zuba dakin, wato kankaren saman bene, sai mutane sun jeru suna miƙa wa juna kwano. Gwamnati ta fito da shirin farfaɗowa na naira tiriliyan 2.3, wanda ya ƙunshi alkawarin gidaje 300,000 da aikin wucin gadi ga mutum 774,000, wato dubu ɗaya a kowace ƙaramar hukuma.

Ke nan an farfaɗo?

Aiki ya dawo, farashi ne bai koma ba. An rage darajar naira tun Maris 2020, kayan da ake shigowa da su, irin su tayil da wayar wuta da famfo, suka tashi. Buhun siminti da ake saya wajen naira 2,500 a farkon 2020 ya haura 3,500 a 2021, rodi da kwanon rufi suka bi shi. Wanda ya yi lissafin gida har rufi, kuɗinsa a lintal suka ƙare. Wasu suka rage yawan ɗakuna, wasu suka koma sayen bulo kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu rage siminti a kwaɓi ko sa rodi siriri don kuɗi su isa, domin ginin da aka yi wa haka yana iya rufta wa mutanen da ke cikinsa bayan damina biyu ko uku.