Ribaɗi, gidan gwamnati ko asibitin kuɗi: ina za a kai tsoho?

A aikina na jinyar marasa lafiya gida-gida a nan Makka, babu tambayar da ta fi zuwa mini kamar wannan: "Malama, wane gida ya fi kyau mu kai Baba?" Mai tambayar yakan sassauta murya, don a wurinmu Hausawa ambaton gidan tsofaffi kamar tonon asiri ne. Ba na ganin laifin kowa. Wanda yake fita aiki tun asuba, matarsa na fama da yara biyar a ɗaki biyu, ga uba da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ba rashin imani ne ya sa shi tambaya ba.

Sai dai wuraren da muke haɗawa mu kira gidan tsofaffi ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan mutanenmu ke yin kuskure.

Ribaɗi dai kowa ya san shi, daga unguwar Misfala a nan Makka har tsohon garin Jidda. Wakafi ne da bayin Allah suka gina don gajiyayyu, musamman zawarawa da tsofaffin matan da ba su da kowa. Ɗaki ne ake ba mutum, sai abincin sadaka idan ya samu. Ga tsohuwar da ke iya girkinta, tana zuwa bayan gida da ƙafarta, rufin asiri ne babba, ga kuma abokan hira. Amma ribaɗi masauki ne, ba wurin jinya ba. Na taɓa shiga wani aka nuna mini wata Hajiya da ta faɗi a makewayi ta karye a ƙugu. Maƙwabtanta, su ma duk tsofaffi, suna kawo mata shayi da gurasa, suna yi mata sannu, amma babu mai ƙarfin juya ta. Da na yaye zanen, gyambon kwanciya ya riga ya ci ƙasan bayanta, faɗinsa ya kai tafin hannuna. Ba mugunta aka yi mata ba. Hannu ne babu.

Gidajen gwamnati kuwa suna ƙarƙashin Ma'aikatar Kula da Ma'aikata da Ci Gaban Al'umma, su ne ake kira Darur Ri'aya. Akwai likita da ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi, maza daban mata daban, kuma ba a biya. Sharuɗɗan su ne ƙashin bayan zancen: mutum ya kasance ɗan ƙasa, ya kai shekara 60, ya kasa kula da kansa, kuma bincike ya nuna ba shi da dangin da za su riƙe shi. Masu naƙasa mai tsanani su ma suna da nasu cibiyoyin, Ta'ahilush Shamil, su ma galibi na 'yan ƙasa ne. To mu kuma kashi-kashi muke: akwai Bahaushen da kakansa ya zo a ƙafa ta Sudan, yau jikokinsa 'yan ƙasa ne, akwai mai igama, wato takardar izinin zama ta baƙo, akwai wanda takardarsa ta mutu tuntuni. Kowa ya fara duba takardar tsohonsa kafin ya sha wahalar zirga-zirga.

A sani kuma, tun 2022 Saudiyya ta fitar da dokar haƙƙin tsofaffi. Ta ɗora nauyin kula da tsoho ɗan ƙasa a kan iyalinsa, ta kuma hana a ajiye shi a gidan kulawa sai da yardarsa, ko da hukuncin kotu, ko idan rayuwarsa na cikin haɗari. Ko babu doka ma, a zauna da Baba a gaya masa gaskiya. Kada a ce masa ganin likita za a je a dawo.

Sai asibitocin kuɗi na doguwar jinya. Su ne wurin wanda ake ba abinci ta roba ko yake numfashi da na'ura. Da tsada, kuma a wata ake lissafi, don haka a nemi takardar farashi a rubuce, a tambaya ko kunzugu da magani da gashin ƙashi suna ciki.

Idan za ku gwada wuri biyu, kada falon karɓar baƙi ya ruɗe ku. Ku je ba tare da sanarwa ba, bayan la'asar ko lokacin cin abinci. Hanci ma ma'auni ne: zarnin fitsarin da aka danne da turare yana faɗin abin da manaja ba zai faɗa ba. Ku tambayi mutum nawa ma'aikaci ɗaya ke dubawa da dare, don wanda ba ya motsi sai an juya shi duk bayan awa 2. Ku kalli farcen mazauna wurin, ku ga ko akwai ruwa kusa da gadonsu. Ni kam har harshe nake tambaya. Tsohon da ya fara ruɗewa yakan zubar da Larabcin da ya koya da girma ya koma Hausar yarintarsa, sai ya ce ƙishirwa yake ji a rasa mai fahimta.

Da yawa daga waɗanda ke tambayata, idan muka zauna, sai mu ga ba gida suke buƙata ba. Gado mai ɗagawa, katifar iska, keken guragu, da rabon kwana tsakanin 'ya'ya, har da mazan, ba a bar wa suruka ita kaɗai ba. Ma'aikatar Lafiya tana da shirin jinya a gida ga waɗanda suka cancanta, likitan asibiti ne ke tura sunan mara lafiya. Don neman bayani a kira 937, idan kuma tsoho ya faɗi ko bakinsa ya karkace farat ɗaya, motar asibiti ake kira a 997, kada a tsaya shafa masa man zafi.