Ma'anar "kiɗan nan-take" a fiyano

Idan mai koyon fiyano ya tura wa abokan kiɗansa sauti na minti ɗaya ya ce "wannan na nan-take ne," yana nufin bai rubuta kiɗan ba, bai kuma haddace shi ba. Yana zaune gaban fiyano ya ƙirƙira shi, tunani da yatsu suna tafiya tare. Ko shi kansa, in aka ce ya maimaita, da wuya ya sake fito da shi daidai.

Abin ba sabo ba ne. Bach da Mozart da Beethoven, manyan makaɗan Turai na da, duk sun yi suna wajen ƙirƙirar kiɗa a gaban jama'a, kiɗan jaz kuwa a kansa ya ginu. A 1975 makaɗin fiyano Keith Jarrett ya buga wasa sukutum a birnin Kolon na Jamus ba tare da rubutaccen kiɗa ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar nan-take a matsayin danna duk maɓallin da yatsa ya faɗa a kai. Sam ba haka ba ne. Mai kiɗan yana tafe da abu uku da ya tsayar tun kafin ya fara: sautukan da zai yi yawo a cikinsu, gudun bugu, da jerin kod, wato sautuka uku ko huɗu da ake dannawa tare. A cikin wannan shingen yake sakewa.

Hanya mafi sauƙi ita ce baƙaƙen maɓallai. Cikakken fiyano yana da maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36, kuma baƙaƙen suna jere ne bibbiyu da uku-uku. Sautuka biyar ne ke ta maimaituwa, babu biyu a cikinsu da suka matsu da juna har su yi karo a kunne. Sai hannun hagu ya riƙe baƙin farko na rukunin uku tare da baƙin farko na rukunin biyu da ke gaba da shi, hannun dama kuma ya yi ta yawo a kan baƙaƙe kaɗai. Wanda ya fara koyo jiya ma zai ji abin ya yi daɗi.

Daga nan sai farare, waɗanda ake kira da haruffa C, D, E, F, G, A, B, suna maimaituwa a jere. Hannun hagu ya bi jerin kod huɗu, kowane bugu huɗu: C-E-G, sai G-B-D, sai A-C-E, sai F-A-C, a koma farko. Hannun dama ya tsaya a kan C, D, E, G da A. An ajiye F da B gefe ne da gangan, domin F tana manne da E, B kuma tana manne da C, in aka daɗe a kansu a inda bai dace ba sai kunne ya ji gogayya. In yatsa ya zame ya faɗa kan irin wannan sautin, kada a tsaya. A gusa zuwa maɓallin da ke kusa, sama ko ƙasa, galibi nan mafita take. Tsayawa ce ke tona kuskure, domin mai sauraro ya fi saurin jin yankewar bugu a kan baƙon sauti guda.

Sabon shiga yakan cika kiɗa da sautuka saboda tsoron shiru. Abin da ya fi shi ne ɗan guntun jimla mai sautuka uku ko huɗu: a buga ta, a maimaita, a karo na uku a canza ƙarshenta, sannan a bar bugu biyu babu komai. Feda ta dama, mai tsawaita sauti, ita ma tana ɓata kiɗa in ƙafa ta kwanta a kanta, sai tsohon kod ya cakuɗe da sabo. A ɗaga ƙafa daidai lokacin da aka danna sabon kod, a mayar nan da nan. A saita metronom, na'urar da ke ƙirga gudun bugu, tsakanin bugu 70 da 80 a minti har hannun hagu ya daina buƙatar ido.

Daɗin abin yana fitowa ne wajen musaya. Makaɗan jaz suna da wani wasa na karɓa-karɓa, wannan ya buga gaɓa huɗu (a nan kowace gaɓa bugu huɗu ce), wancan ya amsa da huɗu. Yin sa kai tsaye ta kiran bidiyo yana da wuya, domin jinkirin intanet ko na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya isa ya raba bugun mutum biyu. Shi ya sa ake naɗa a tura. Mai farawa ya buga gaɓa huɗu da hannu biyu, huɗu na gaba ya bar hannun hagu kaɗai yana riƙe da kod, gurbin abokinsa ke nan. Lallai ya rubuta jerin kod da gudun metronom tare da saƙon, in ba haka ba mai amsawa zai ɓata lokaci yana laluben inda aka dosa.

Wajen naɗa, kada a ɗora waya a jikin fiyano, girgizar katako da ƙarar feda za su shiga. A ajiye ta kamar mita ɗaya daga gefe, a sa metronom a abin kunne. Fiyanon katako da ya daɗe ba a gyara masa murya ba yakan sauka ƙasa da 440, wato girgiza 440 a daƙiƙa ga sautin A, ma'aunin da fiyanon lantarki ke zuwa da shi, don haka sai a fara da danna A ta tsakiya na daƙiƙa uku, abokin kiɗa ya gwada da tasa kafin ya ɗora amsarsa.