Abin da sikanin ciki yake nunawa idan jini ya cunkushe a ƙofar hanta

Jinin da ya fito daga hanji, ciki da saifa yana haɗuwa a babbar jijiya guda, wadda likitoci ke kira fotal, sannan ya shiga hanta. Idan hanta ta taurare, jinin ya kan rasa hanya, sai ya koma baya. Saifa ta kumbura, ruwa ya taru a ciki, ƙananan jijiyoyin hanyar abinci su yi suntum. Ranar da ɗaya ta fashe, mutum ya kama aman jini, kuma yana iya rasa ransa cikin sa'o'i.

A wajenmu abin da ya fi jawo wannan shi ne ciwon hanta nau'in B da C, shan giya, da tsargiyar hanji da ke kama masu noman rani da masunta. Tsarin duba tabon tsargiya da sikanin ma a Yamai masana suka tsara shi a taron Hukumar Lafiya ta Duniya na 1996.

Idan za a yi maka sikanin ciki don duba wannan jijiya, ka je da safe, ba ka ci komai ba na awa 6 zuwa 8. Abinci yana buɗa jijiyar, iskar hanji kuma tana rufe hoton, awon ya fito ba daidai ba. Ruwa kaɗan ba laifi. Za a shafa maka mai a ciki, a ce ka riƙe numfashi. Ba allura, ba zafi.

Mai dubawa zai auna faɗin jijiyar: idan ya wuce milimita 13, akwai alamar matsi. Saifar babban mutum da tsawonta ya haura santimita 13 ta kumbura. Da dofla kuma, wani sashe na na'urar sikanin, ake ganin gudun jinin. Ƙasa da santimita 15 a daƙiƙa ya yi sanyi, idan kuwa yana gudu yana barin hanta, cutar ta yi nisa. Don haka ka tambaya ko na'urarsu tana da dofla, domin ba kowace ke da shi ba.

Faɗin jijiya na iya fitowa daidai alhali matsin yana nan. Kuma sikanin ba ya ganin jijiyoyin hanyar abinci sosai, sai an zura kyamara ta baki. Idan likita ya tura ka, don Allah kada ka ɗaga.

Idan kana da wannan matsala, ka guji magungunan rage ciwo irin su diclofenac da ibuprofen, da kuma jiƙe-jiƙe. Bahaya baƙi kamar kwalta jini ne, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.